Me ya sa rage ƙarfin ruwan famfo yake cin kuɗi?

Duk wanda ya taɓa zama a kwari ya san famfonsa ya fi na mutanen tudu ƙarfi. Dalilin ba wani boyayye ba ne: duk gangaren mita 10 daga tanki yana ƙara matsi kusan ba 1 a cikin bututu. Shi ya sa injiniyoyi ke yanka gari shiyya-shiyya, kowace da matsin da ya dace da ita. Idan gari ya faɗaɗa ko bututu suka tsufa, sai a sake shata iyakokin nan ko a rage matsin.

Babbar ribar aikin ita ce rage yoyo. A bututun gari, idan aka rage matsi da kashi 10 cikin ɗari, yoyo ma yakan ragu da kusan haka, domin tsagar bututun roba tana ƙara buɗewa ne idan matsi ya ƙaru.

Misalin da masana suka fi kawowa shi ne Khayelitsha, wata babbar unguwa a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu. Kafin aikin da aka yi a 2001, ruwan da ke shiga unguwar da tsakar dare, lokacin da kowa ke barci, ya haura kubik mita 1,600 a awa (kubik mita ɗaya lita 1,000 ce). Yawancinsa ba a titi yake zuba ba, a cikin gidaje ne, ta famfuna da tankunan banɗaki da matsi ya lalata. Sai aka gina ɗakin bawul a kan manyan bututu biyu da ke shayar da unguwar, aka sa na'urar da ke sauke matsi idan buƙata ta ragu. Aikin ya ci kimanin rand miliyan 2.5, ya kuma ceto kusan kubik mita miliyan 9 a shekara, wato wajen kashi 40 cikin ɗari na ruwan da ake turawa. Cikin 'yan watanni ya mayar da kuɗinsa.

To, amma kada wannan lissafi ya ruɗe ka. Khayelitsha ta yi sa'a biyu: shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, kuma ƙofofin shigar ruwanta biyu ne kacal. A tsohon gari mai tudu da kwari, inda bututu suka sarƙe tsawon shekaru, bawul mai rage matsi shi ne abu mafi arha a cikin kasafin.

Kuɗin yana fara tafiya ne wajen gano abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Taswirar hukumar ruwa sau da yawa ba ta dace da zahiri ba, don haka sai an bi titi-titi ana neman bawul da kwalta ta binne, a dasa na'urorin auna matsi na kwanaki, sannan a gina kwaikwayon tsarin a kwamfuta. Manhajar EPANET da hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar kyauta ce, amma lokacin injiniyan da zai daidaita ta da ma'aunin fili ba kyauta ba ne. Bayan haka ga haƙa, ga ginin ɗakin kankare, ga mita, ga matata da bututun kewaye don a iya gyara ba tare da an yanke wa mutane ruwa ba.

Sai kuma gwajin iyaka. Ana rufe duk mashigar shiyyar da dare a ga ko matsi zai faɗi ƙasa warwas. In bai faɗi ba, akwai wani bututu da ba a san da shi ba yana satar hanya daga maƙwabciyar shiyya, kuma nemansa na iya cin makonni. A ganina nan ne kasafi ya fi fashewa.

Ko an ƙaddamar, da sauran aiki. Gidan da ya fi kowa tudu ko nisa shi ke yanke iyakar ragewa, kuma mai bene zai iya buƙatar injin tura ruwa nasa. Dole a tabbatar masu kashe gobara za su samu isasshen ruwa. Rufe bawul ɗin iyaka kuma yana haifar da bututu marasa mafita, inda ruwa ke kwanciya har kilorin ɗinsa ya ƙare, sai an riƙa zubar da shi lokaci-lokaci. Ga shi kuma ma'aikaci ɗaya da ya buɗe bawul ɗin iyaka yayin gyara ya manta bai rufe ba, ya isa ya haɗe shiyyoyi biyu ba wanda ya lura sai lissafin dare ya tashi.

Duk wannan ya shafi tsarin da ruwa ke cikin bututu dare da rana ne. A unguwannin da ruwa ke zuwa na 'yan awoyi, kamar yadda da yawanmu suka saba, bututu kan zama fanko, kuma cikawa da zubewar kullum ita kanta tana fasa su. A can, kafin a zo maganar shiyya, sai an fara samun ruwan da zai tsaya a bututun a auna matsinsa.