Bayan Aikin Hawan Jinin Ido: Abin Da Hoton Bayan Ido Ke Tonawa

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa hawan jinin ido, wato gilokoma, shi ne na biyu wajen makantar da mutane, bayan yanar ido. Ciwon yakan taso ne idan ruwan da ke cikin ido ya kasa fita yadda ya kamata, matsinsa ya hau, ya yi ta cin jijiyar gani a hankali. Ga manomin Wurno, Rabah ko Goronyo a jihar Sakkwato da sayen maganin ɗigawa kowane wata ya fi ƙarfinsa, sau da yawa tiyata ce mafita.

Aikin da aka fi yi, wanda likitan Ingila Cairns ya bayyana a 1968, shi ne buɗe wa ruwan wata 'yar ƙofa ya riƙa zurarewa. Lafiyayyen ido yana da matsi tsakanin 10 da 21 a ma'aunin likitoci. To amma wani lokaci ƙofar takan zubar da ruwa fiye da kima, matsin ya faɗi ƙasa da 6. Nan sai ido ya saki, bangonsa ya yamutse kamar salkar da ruwanta ya ƙare. Shimfiɗar gani da ke bayan ido, wato retina, takan nannaɗe, musamman tsakiyarta da muke karatu da gane fuskoki da ita. Mai ciwon zai ga dishi-dishi, miƙaƙƙen layi ya koma masa karkatacce, galibi kuma babu zafin da zai firgita shi. Matasa da masu matsalar hangen nesa sun fi shiga wannan haɗari, haka ma wanda aka sa wa maganin mitomycin C don hana ƙofar toshewa.

Wasu nannaɗe-nannaɗen sun yi ƙanƙantar da likita zai iya dubawa da fitilarsa bai gan su ba. A nan na'urar OCT, wadda masana a jami'ar MIT ta Amurka suka gabatar a 1991, take da amfani. Da haske take aiki, ba ta taɓa ido, cikin 'yan mintuna ta fito da hoton retina hawa-hawa, a ga inda ta lanƙwashe ko ta kumbura. Idan an gano da wuri, likita na iya rage maganin da ke jinkirta warkewar rauni, ko ya ƙara ɗinki ya matse ƙofar, gani ya dawo. Idan aka daɗe, nannaɗewar takan zauna daram.

Matsalarmu ita ce komawa asibiti. Wanda aka yi wa aiki a Sakkwato yakan dawo gida, albasa da tafarnuwa na jiransa a fadamar Wurno, shinkafa na jira a gonakin madatsar Goronyo. Ga kuɗin mota, ga ɗaukar buhu da aka hana shi. Sai ya ɗauka tunda babu ciwo, an gama.

Ya kamata hukumomin lafiya na jiha su sa awon matsin ido a manyan asibitocin waɗannan ƙananan hukumomi, da hanyar tura wanda matsinsa ya faɗi zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ba tare da ɓata lokaci ba. Kai kuma da aka yi wa mahaifinka wannan aiki, kada ka bari ranar komawa ganin likita ta wuce shi.