Ilmin Tattalin Arziki a Jami'ar Bayero da Manoman Yammacin Kano

Matafiyin da ya taso daga Gude ko Kabo ya biyo hanyar Gwarzo zuwa birni, lalle ne ya gifta ƙofar sabon matsugunin Jami'ar Bayero. A nan ne 'ya'yan manoman wannan yanki da dama suke karanta ilmin tattalin arziki da raya ƙasa, watau abin da mutanen da suke kira tsimi da tanadi.

Asalin makarantar kuwa ba ta lissafi ba ce. An kafa ta a 1960 da sunan Kwalejin Ahmadu Bello, a 1962 ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero a ƙarƙashin jami'ar Zariya, inda aka fi ba da ƙarfi ga Larabci, ilmin addinin Musulunci, tarihi da harsuna. Sai a 1977 ta zama cikakkiyar jami'a. Wasu na ganin wannan asali ba shi da haɗi da aikin masanin tattalin arziki, amma abin da ya faru a ƙasar nan bai goyi bayansu ba.

A shekarun 1960, lokacin da malaman gona ke matsa wa talakawa su daina haɗa gero da dawa da wake a gona guda, David Norman na Samaru ya bi manoman Hanwa, Doka da Ɗan Mahawayi gona-gona yana ƙididdiga. Ya tarar dabarar tasu ta fi biyan wahalar noma, kuma tana kare gida daga yunwa idan damina ta gaza. Ita ma Polly Hill zama ta yi da mutanen Ɗorayi, dab da tsohon matsugunin jami'ar, kafin ta fitar da littafinta a 1977 kan talauci a karkarar Kano.

Manyan shirye-shirye sun biyo baya. Bankin Duniya ya zuba kuɗi a shirin noma na Funtuwa a 1975, aka kafa hukumar KNARDA a farkon shekarun 1980, sa'an nan shirin SAP na 1986 ya karya darajar naira, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Ɗalibi zai iya haddace waɗannan duka ya ci jarrabawa. Amma ranar da aka ba shi kujera a Ma'aikatar Kasafi da Tsare-tsare aka ce ya tsara rabon taki, sai ya san yadda ake gadon gona a Gude, da yadda ake jinginarta, da wanda ke ba manomi bashin hatsi a watan Agusta kafin gero ya nuna.