An Ja Targaɗe, Amma Ƙafar Ba Ta Warke Ba

Duk wanda ya fito bayan sallar asuba a Jiwa da ke Abuja ya kama hanyar Dei-Dei ko ta Gwagwa zai ci karo da su: samari suna gudu rukuni-rukuni, wasu na shirin shiga soja ko ɗan sanda, wasu 'yan ƙwallon unguwa ne, ga kuma magidantan da likita ya ce su rage tumbi. Abin sha'awa ne. Abin da ya ishe ni shi ne yadda muke yi da ƙafa idan ta samu rauni.

Wata biyu da suka wuce ɗan yayata ya taka gefen kwalta, ƙafarsa ta gurɗe. Kafin labari ya iso ni an kai shi wurin wani mai ɗori, ƙarti biyu sun danne shi, an ja ƙafar har ta yi ƙara, an gasa ta da ruwan zafi an mulke da man zafi. Ya biya kemis aka haɗa masa ƙwayoyi. Kwana uku sai ga shi yana ɗaura takalmi. Na ce, "Kai, ina zuwa?" Ya ce, "Kawu, ai an ja min, jijiyar ta koma, ba na jin komai." Bai cika kwana goma ba ƙafar ta sake gurɗewa, a daidai wurin farko.

Wannan magana ta "jijiya ta koma" ita ce tushen ɓarnar. A targaɗen idon sawu babu jijiyar da ta bar mazauninta balle a mayar da ita. Abin da ya faru shi ne zaruruwan da suka ɗaure ƙashi da ƙashi, galibi ta gefen waje, sun miƙe fiye da kima, wasu sun tsinke. Wa ya taɓa gyara igiyar da ta fara tsinkewa ta hanyar ƙara jan ta? Ƙarar da ake ji a yi ta murna kuwa, 'yar'uwar wadda yatsu ke yi ce idan an lanƙwasa su. Gashi da murza a kwana biyu ko ukun farko kumburi suke ƙarawa. Garin neman gira ake rasa ido.

Sai batun zafi. Zafi kan lafa cikin 'yan kwanaki, amma zaruruwan nan na bukatar mako shida ko fiye kafin su yi ƙwari, idan yagewar ta yi yawa har wata uku. Akwai kuma abin da ba a gani: zaruruwan na cikin masu sanar da ƙwaƙwalwa yadda tafin ƙafa ya zauna a ƙasa. Bayan targaɗe wannan saƙo yana jinkiri, mutum zai taka tsakuwa, kafin jiki ya farga ƙafa ta juye. Shi ya sa wanda ya yi targaɗe sau ɗaya ya fi kowa saurin maimaitawa. Ƙwaya kuma bakin ciwo kawai take toshewa. Wanda ya haɗiyi Diclofenac ya fita gudu cikin zafin Abuja ba tare da isasshen ruwa ba, da cikinsa da ƙodarsa yake wasa. Tramadol kuwa, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun Janairun 2024, amma mu a nan yaro zai sha ya ce ƙarfi yake nema.

Ba raina masu ɗori nake yi ba, a cikinsu akwai masu gado da sanin ya kamata. Sai dai hannu ba ya ganin tsagewar ƙashi. Tun 1992 likitoci a birnin Ottawa na Kanada suka fitar da ma'auni mai sauƙi: idan mutum ya kasa yin taku huɗu a kan ƙafar, ko ƙashin idon sawun kansa na zafi in an danna, hoto ake fara yi kafin kowa ya taɓa.

Daga nan sai sashen asibiti da muke kira gashin ƙashi. Sunan ya cuce mu, domin mutane sun ɗauka wurin masu shanyewar ɓarin jiki ne da fitila mai zafi. Alhali yawancin aikin ma'aikatansa atisaye ne da aka auna. Akwai su a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Kafin su bar ka ka koma gudu sai sun gwada ka. Za ka iya tafiya da sauri ta rabin awa ba ɗingishi? Za ka iya tsayawa a kan ƙafar ita kaɗai daƙiƙa talatin, sannan ka maimaita ido rufe? Za ka iya ɗaga dunduniya sau ashirin, ka yi tsalle goma a kanta ba zafi? In ka kasa ɗaya, da sauranka. In ka ci, to ba gudun da ka saba za ka koma ba. Minti ɗaya gudu, minti biyu tafiya, na kamar minti ashirin, a fili mai laushi irin na makaranta, yau ka yi gobe ka huta. Alƙalinka shi ne wayewar gari: in ka tashi da kumburi ko ƙarin ciwo, koma matakin baya. Kada ka ƙara nisa da sauri a mako guda, ɗaya ake ƙarawa.

Salon gudun ma sai an duba. Samarinmu na son wage ƙafa, su jefa dunduniya can gaba, wai shi ne gudun soja. Kowane taku birki ne, kuma nauyin da ke sauka a ƙafa yayin gudu ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Wisconsin ta Amurka a 2011 ya nuna ƙara yawan taku da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, ba tare da ƙara sauri ba, yana rage nauyin da gwiwa ke ɗauka. Ƙirga takunka na minti ɗaya, in 160 ne ka nufi 168, wato gajerun taku, ƙafa na sauka kusa da ƙarƙashin jiki. Ka sa aboki ya ɗauke ka bidiyo da waya ta gaba da ta gefe. In gwiwa na karkata ciki, ƙugu ne ba ƙarfi, shi za a yi wa atisaye. Kuma kada ka ga wani a YouTube ka koma gudu a kan yatsu dare ɗaya, agara da sha-raɓa za su biya bashin. Takalmin gwanjo da dugadugansa suka cinye ta gefe guda da fita cikin duhu su ma suna da nasu laifin.

Ɗan yayar tawa yanzu yana mako na shida da fara atisaye. Kullum da safe zan same shi a tsakar gida tsaye a kan ƙafa ɗaya yana asuwaki, ƙannensa na yi masa dariya. Ranar Asabar aka ba shi izinin gudun minti ɗaya.