Ranar da Mesa Ta Ƙi Shiga Bakin Famfo

Ranar Lahadi 7 ga Fabrairu 1904, da hantsi, ƙararrawar gobara ta kaɗa a babban gidan sayar da yadi na kamfanin John E. Hurst, a tsakiyar birnin Baltimore na Amurka. 'Yan kwana-kwana suka iso da injinansu na tururi waɗanda dawakai ke ja. Ba su jima da shiga ba sai wani abu ya fashe a cikin ginin, tagogi suka tarwatse, wuta ta yi tsalle ta kama maƙwabta. Ga iska mai ƙarfi, ga sanyin hunturu, ga shaguna maƙare da kaya. Tun ba a je ko'ina ba shugaban 'yan kwana-kwanan, George Horton, ya ji rauni, wayar lantarki ta faɗo masa. Kafin azahar kowa ya gane wutar ta fi ƙarfin mutanen gari, aka buga waya Washington neman agaji.

Mutanen Washington ba su yi nawa ba. Suka loda injina a jirgin ƙasa, jirgin ya yi gudun da ba a saba gani ba, suka sauka jama'a na yi musu tafi. Suka ja mesarsu zuwa famfon kashe gobara na bakin titi, suka kafa, suka murɗa. Ta ƙi shiga. Suka gwada wani famfon, haka. Ruwa na nan a cikin bututu, maza na nan da ƙarfinsu, inji na huci, amma haƙoran bakin mesar Washington daban, na famfon Baltimore daban. Tsakanin biranen biyu kuwa mil arba'in ne kacal.

Sai suka yi abin da duk mai neman mafita zai yi: suka naɗe mahaɗin da tamfol suka ɗaure tamau. Ruwa ya shiga, amma yana tsiyaya ta gefe, abin da ya isa bakin mesa ba shi da ƙarfin kaiwa saman bene.

Nan ne labarin yake taɓa ni, domin na san wannan ɗaurin, a banɗakin gidana na gan shi. An canza mini magudanar kwamin wanke hannu, sabon bakin ya ƙi zama a tsohon bututu, mai gyaran ya yanko robar tub ya naɗe, ya ce ai shi ke nan. Bai yi sati biyu ba bango ya jiƙe, wari ya taso. Wanda ya zo daga baya, dattijo ne mai haƙuri, shi ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Magudanar kwamin wanke hannu yawanci inci ɗaya da kwata ce, wato milimita 32. Ta wurin wanke kwanuka da ta bahon wanka inci ɗaya da rabi, milimita 40. Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne lambar suna ce kawai. Bututun da ake haɗawa da gam da wanda ake turawa cikin zoben roba duk ana kiransu 32, amma kaurinsu na waje ba ɗaya ba ne, bambancin bai kai milimita biyu ba, kuma ya isa ya hana su zama. Haka haƙoran murɗi: na tsarin Ingila, wanda Joseph Whitworth ya shimfiɗa a 1841, kusurwarsu digiri 55 ce, na Amurka 60. Za su kama zagaye ɗaya ko biyu, har ka ɗauka sun zauna, sannan su cije. Ya ce in riƙa ɗaukar tsohon bakin da guntun bututun zuwa kasuwa, kada in dogara da suna. Idan kuma dole sai an haɗa iri biyu, akwai mahaɗi mai goro da zoben roba da aka yi domin haka.

A Baltimore babu kasuwar da za a ruga. Agaji ya yi ta kwararowa daga Filadelfiya, Wilmington, Atlantic City, har New York, da yawansu suka tarar da abin da mutanen Washington suka tarar. Aka koma sa nakiya ana rusa gine-gine don a datse wa wutar hanya, sai hakan ya ƙara mata abin ci. Iska ta juya, wutar ta bi ta gabas tana cin bankuna, ofisoshin jaridu da ɗakunan ajiya na bakin ruwa, dare guda cur. Sai washegari Litinin aka tare ta a gaɓar wani rafi mai suna Jones Falls. A nan injina 37 suka jeru suna zuƙo ruwa kai tsaye daga rafin, inda babu ruwan kowa da haƙorin famfo. Bayan awa 30 aka ci ƙarfinta. Ta cinye gine-gine sama da 1,500 a fili mai faɗin eka 140, mutum kusan 35,000 suka wayi gari babu wurin aiki. 'Yan kwana-kwana 1,231 ne suka yi wannan gumurzu.

Da ƙura ta lafa aka shiga bincike, sai aka gano akwai bakin mesa iri-iri kusan 600 a faɗin Amurka. Ba sakaci ba ne kawai. Kowane kamfani yana ƙera nasa salon ne domin garin da ya fara saye a wurinsa ya kasa komawa wurin wani. A ganina wannan shi ne mafi ciwo a duk labarin, domin da gangan aka bar gibin, don riba. A 1905 aka tsayar da ma'auni ɗaya na ƙasa baki ɗaya: mesa mai inci biyu da rabi, haƙora bakwai da rabi a kowane inci. Sai dai tsayarwa daban, bi daban. Canza famfuna kuɗi ne, kuma gobara ba kullum take zuwa ba, don haka birane da yawa suka yi ta jan ƙafa shekara da shekaru.

A watan Oktoban 1991 wuta ta tashi a tuddan Oakland da ke Kalifoniya. Motocin kwana-kwana suka taho daga garuruwan kewaye ɗauke da mesa mai inci biyu da rabi. Bakin famfunan Oakland inci uku ne. Aka shiga neman mahaɗi ana rarrabawa, wuta kuwa na tafe daga gida zuwa gida. Mutum 25 suka rasu, gidaje kusan 3,000 suka ƙone, shekara 87 bayan Baltimore.