Tarzan da Dajin da Aka Ƙera a Chicago

A watan Oktoban 1912 wata mujallar Amurka mai suna All-Story ta buga labari guda cur a fitowa ɗaya, abin da ba ta cika yi ba. Sunan labarin Tarzan of the Apes. Marubucinsa Edgar Rice Burroughs, mutumin Chicago, yana da shekara 37, kuma kafin nan babu sana'ar da ta karɓe shi. Ya yi soja a Arizona, ya yi kiwon shanu a Idaho, ya yi ɗan sandan layin dogo, daga ƙarshe ya koma dillancin abin fiƙe fensir. Dala 700 aka biya shi. Har ya koma ga Mahaliccinsa a 1950 bai taɓa taka ƙasar Afirka ba.

Rashin sanin ya nuna kansa tun daga farko. A bugun mujallar ya saka damisar nan mai zane ta ƙasar Indiya tana yawo a dajin Afirka, inda ba a taɓa samunta ba. Sai da labarin zai fito a littafi a 1914 ya mayar da ita zakanya.

Irin waɗannan mujallu ana kiransu pulp, saboda takardarsu mai arha ce da aka yi da markaɗaɗɗen itace, wadda kan yi ja ta rududduge cikin 'yan shekaru. Frank Munsey ne ya buɗe hanyar a 1896, lokacin da ya mayar da mujallarsa Argosy ta zama labarai zalla a kan irin wannan takarda. Da 'yan sulalla lebura ko ɗan makaranta zai saya. Marubuci kuwa gwargwadon yawan kalmominsa ake biyansa, don haka babu zancen zama a yi ta goge jimla. Dole kowane babi ya ƙare jarumi yana bakin halaka, don mai karatu ya dawo. Daga wannan kasuwa aka samu labaran 'yan sandan ciki, da na makiyayan yammacin Amurka, da na tafiya duniyar Mars, wanda shi ma Burroughs da shi ya fara. Wanda ya san yadda manazarta suka riƙa yi wa littattafan kasuwar Kano kallon hadarin kaji zai gane irin rainin da masana adabin Amurka suka yi wa waɗannan mujallu, alhali miliyoyin mutane su suke karantawa.

Labarin kasada a Afirka, ko na yaron da dabbobi suka rena, ba Burroughs ne ya fara shi ba. H. Rider Haggard ya fitar da King Solomon's Mines a 1885, shi kuwa ya zauna a Natal da Transvaal, ya ga Zulu da idonsa. Rudyard Kipling ya kawo Mowgli, yaron da kyarketai suka rena, a 1894. Abin da Burroughs ya ƙara shi ne zancen asali, kuma a ganina nan ne ainihin labarin yake, dajin ado ne kawai.

Tarzan ɗan Lord Greystoke ne, basarake Bature. Ma'aikatan jirgi suka yi bore, suka yar da iyayensa a gaɓar Afirka ta yamma, iyayen suka mutu, wata birinya mai suna Kala ta ɗauke shi ta shayar. Duk da haka yaron da bai taɓa jin maganar ɗan'adam ba ya shiga bukkar mahaifinsa, ya tarar da littattafan yara, ya koya wa kansa karatun Turanci ba malami. Da ya kashe Kulonga, maharbin da ya harbe Kala, ya so ya ci namansa yadda dokar daji ta koya masa, sai wani abu a jininsa ya hana shi. Marubucin ya danganta wannan ga gado ƙarara. Mu ma mukan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma tatsuniyoyinmu cike suke da 'ya'yan sarakai da suka ɓata aka gane su ta halinsu. Bambancin shi ne a nan gadon na launin fata ne. Baƙaƙen da ke cikin littafin an zana su matsafa masu cin naman mutane, Tarzan yana zarge su da igiya daga kan bishiya yana kwashe musu kibau, labarin kuma yana tafiya kamar wasa ake yi. Abin mamaki, wannan littafin dai shi ne ya ambaci cewa mutanen ƙauyen gudun zaluncin Turawan Kongo ta Sarki Leopold suka yi, masu tilasta musu kawo roba da hauren giwa. Ya san da zaluncin, amma bai hana shi yi musu wannan zane ba.

Kasuwa ta buɗe. Burroughs ya rubuta littattafan Tarzan sama da 20, ya sayi gona a Kalifoniya a 1919 ya sa mata suna Tarzana, sunan da unguwar ke amsawa har yau. A 1923 ya mayar da kansa kamfani, dabarar da marubuta kaɗan suka yi tunaninta a lokacin. Silima ta ɗauka tun 1918, amma Johnny Weissmuller, gwanin ninkaya da ya fara fitowa a 1932, shi ya bar wa duniya ihun nan da kuma Tarzan mai in'ina. Na littafi ba haka yake ba: Faransanci ya fara magana da shi kafin Turanci. 'Yan kwaikwayo kuma suka yi ta ɓullowa, su Bomba, Ka-Zar, Ki-Gor, da Sheena sarauniyar daji, kusan duk farare ne masu mulkin dajin wasu.

Mujallun pulp sun mutu a shekarun 1950, bayan tsadar takarda ta lokacin yaƙi, da shigowar ƙananan littattafai masu arha da talabijin. Amma jarumin ya iso nahiyar da aka ara masa. A ƙarshen shekarun 1960 kamfanin Drum ya riƙa buga mujallun labari cikin hotuna da suka yi tashe a Nijeriya da Gana da Kenya: African Film mai ɗauke da Lance Spearman, da Boom mai ɗauke da Fearless Fang, baƙin mutum sanye da fatar dabba, wanda masu karatu suka ɗauka a matsayin Tarzan nasu. A 1981 kuma Charles Saunders, baƙar fata haifaffen Amurka da ya zauna a Kanada, ya fitar da Imaro, jarumin da ya gina a kan tarihi da al'adun Afirka, domin tun yana yaro abin da Tarzan ya yi wa nahiyar yake ci masa rai.