Ɗaki ɗaya a Karmo: Ina za a ajiye littafi, ina za a ajiye magani?

Kwanakin baya wata baiwar Allah ta faɗo shagon maganin da nake aiki a firgice, saɓe da ɗanta ɗan shekara biyu da 'yan watanni, ga tsohon ciki a gaba. A hannunta akwai 'yar ledar nan da ake zuba wa masu awo magani a asibiti. Ƙwayar ƙarin jini 30 aka ba ta, ta sha uku, yanzu ta ƙirga ta tarar saura 19, kuma leɓen yaron ya yi jawur. Ban tsaya dogon bayani ba, na tare musu Keke Napep na ce su wuce asibiti kai tsaye da ledar a hannu. Allah Ya taƙaita, bayan kwana biyu aka sallame su. Da ta dawo yi min bangajiya na tambaye ta inda ta ajiye maganin. Ta ce a kan littattafan makarantar yayyensa da aka jibge a gefen katifa. Sannan ta dube ni ta ce, “To Anti ina zan kai? Ɗakin ke nan.”

Gaskiyarta. Duk wanda ya san Karmo da Gwagwa ya san irin ɗakunan hayar da mafi yawan masu yi wa cikin garin Abuja hidima suke kwana a ciki. Ɗaki ne ƙafa 12 tsawo, ƙafa 12 faɗi, wani ma bai kai ba. Katifa ta cinye rabi, kayan jere da sif sun cinye abin da ya rage, risho na bakin ƙofa. Amma uwargida, ɗaga kanki ki dubi bangon ɗakinki. Daga ƙugunki zuwa sama babu komai sai kalanda da agogo. Nan filinki yake, kuma kuɗin hayarsa kike biya.

Kafin a kira kafinta sai an san irin bangon. Gidaje da dama a wannan yanki ginin ƙasa ne aka yi wa filastar siminti, wasu kuma bulo ne mai rami a ciki. Ki buga ƙusa a irin wannan bango ki ɗora kanta cike da littattafai, za ta yi wata ɗaya lafiya lau, wata rana cikin dare ta zazzago. Idan bangon ƙasa ne, gara kanta mai ƙafafu da nauyinta zai sauka a kan daɓe, doguwa siririya, a tura ta kusurwa. Faɗin inci 9 zuwa 10 ya ishi littafin firamare da na sakandare, kin ga ba ta ci wuri ba. Ga ɗan haya ma ita ta fi, domin ranar tashi sai ya ɗauki abarsa, babu rigima da mai gida a kan an fasa masa bango. A kasuwar katako ta Dei-Dei ana samun ragowar yanka da rahusa. A nemi katako mai kaurin kusan inci ɗaya, kuma duk bayan ƙafa biyu da rabi a saka masa matokari, in ba haka ba tsakiyarsa za ta lotsa. Littafi yana da nauyi fiye da yadda ido yake gani.

Sai dai ko kanta mai ƙafafu ce, dole a ɗaure samanta da bango, da ƙarfen kusurwa ko waya mai ƙarfi. Yaro mai koyon tafiya tsani yake gani, ba kanta ba. A shekarar 2016 kamfanin IKEA ya yi kiran a dawo masa da durowoyi kimanin miliyan 29 a Amurka, bayan wasu sun kife a kan ƙananan yara sun hallaka su. Waɗannan kaya ne na babban kamfani, balle wadda aka ƙwanƙwasa a bakin titi. Masu nauyi su zauna a ƙasa, marasa nauyi a sama. Kada a kafa kanta daidai saitin inda jariri yake kwana. Alƙur'ani dai kowa ya san gurbinsa shi ne can sama, ba sai na faɗa ba. Saman ƙofa kuma akwai wani fili da kowa yake mantawa da shi, katako ɗaya zai ɗauke takardun haihuwa da katin asibiti da sakamakon jarrabawa.

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna. Mutane suna jin an ce a ajiye magani inda hannun yaro ba zai kai ba, sai su cilla shi saman sif, dab da rufi. Duba jikin kwalin maganin da ke gidanki, yawanci za ki ga an rubuta a ajiye shi inda zafi bai wuce digiri 30 ba. A watan Maris zafin Abuja a waje ma yakan wuce 35, zafi kuma sama yake taruwa, balle ɗakin da babu silin, kwano ne tsirara. Magani ba ya ihu idan ya lalace. Kamanninsa na nan, ƙarfinsa ne yake raguwa, sai a sha a ce jabu ne. Laima ma haka. Asfirin da ya sha laima yakan yi wani wari mai tsami, ƙwanson kafso kuma ya yi danƙo.

Don haka gurbin magani tsakiya ne: ƙaramin akwatin katako mai murfi da kwaɗo, a kafe shi daidai kafaɗar babba, a bar tazarar kamar ƙafa biyu tsakaninsa da rufi. A guji bangon da ranar yamma take duka, a guji kusa da taga da inda ake girki. Kwaɗon nan ba ado ba ne. Tsawo kaɗai ba ya hana ɗan shekara uku, ya san amfanin kujera 'yar tsugunno da bokiti. Ƙwayar ƙarin jini ja ce mai sheƙi kamar alawa, kuma kaɗan daga cikinta kan yi wa ƙaramin yaro mummunar illa. Sirof ɗin farasitamol zaƙi gare shi, yaro zai iya shanye kwalba ya ci gaba da wasansa, ɓarnar da ya yi wa hanta ba za ta bayyana ba sai bayan kwana ɗaya zuwa uku. Ki bar kowane magani cikin kwalinsa da takardarsa. Ni abin da yake ba ni haushi shi ne gwangwanin da ake tara ƙwayoyi tsirara kala-kala, babu suna babu ranar lalacewa, a kawo min a ce in tantance.

Akwai waɗanda ba na kanta ba ne sam. Insulin da ba a buɗe ba wurinsa firji, ba kuma wajen ƙanƙara ba. Wasu sirof na garin da ake zuba wa ruwa su ma sanyi suke so, kuma ba sa wuce mako ɗaya zuwa biyu. Inda wuta ba ta tsayawa, dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, tana rage zafi, musamman da rani. Ba ta kai firji ba, don haka ki fara shawara da wanda ya ba ki maganin.

Kananzir, fiya-fiya, maganin ɓera da ruwan bilic kada su haɗa kanta ɗaya da magani ko abinci. A yi musu nasu akwatin mai kwaɗo, in da hali a waje. Kuma don Allah a daina zuba kananzir a robar lemo ko ta ruwa. Idan tsautsayi ya sa yaro ya sha, kada a sa masa yatsa ya yi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Aman ne yake kai kananzir huhu, nan kuma haɗarin yake. A ɗauki yaron da robar a tafi asibiti.

Saura kafur, fararen ƙwallayen nan da muke cusawa cikin littattafai da tufafi saboda kyankyaso. Akwai yara da yawa a ƙasar nan, musamman maza, da aka haifa da ƙarancin wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini, kuma iyayensu ba su sani ba. Irin waɗannan, haɗiye kafur ko sa wa jariri kayan da suka sha warinsa yana iya farfasa musu jini, ido ya yi shawara, fitsari ya yi duhu. Maimakon kafur, a ɗaga kantar kamar inci 4 daga ƙasa don tsintsiya ta shiga, a bar ɗan tsakani da bango saboda laimar damina da gara. Da hunturu a rataya mata labule, a riƙa gogewa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kakkaɓewa, musamman idan akwai mai asma a ɗakin.

Baiwar Allahn nan ta sa an yi mata kanta mai hawa biyar a bayan ƙofa, da ɗan akwati a gefe. Makullin yana ɗaure a bakin zaninta, ɗayan kuma yana wurin maigidan.