Haraji, Bashi da Kiki-Kakar Kasafin Kuɗi: Abin Lura Daga Ƙasar Amurka

Gabatarwa

Ranar 1 ga watan Oktoba, 2013, ma'aikatan Gwamnatin Tarayyar Amurka wajen 800,000 suka wayi gari aka umurce su da su zauna gida sai an neme su, kuma babu albashi muddin suna zaune. Aka garƙame gidajen tarihi na birnin Washington, aka rufe gandayen dajin da jama'a ke zuwa yawon buɗe ido, ofisoshi da dama suka daina karɓar takardun mutane. Dalili kuwa shi ne jam'iyyu biyu da ke Majalisar Dokokin ƙasar sun kasa daidaitawa game da kuɗin da gwamnati za ta kashe. Sai da aka kwana 16 a cikin wannan hali.

Mai karatu zai yi mamaki, yaya ƙasa mai tarin arziki za ta rasa abin biyan ma'aikatanta? Amsar wannan tambaya ita ce maƙasudin wannan ƙasida. Sanin amsar kuwa ya shafe mu, domin tun shekarar 1979 Nijeriya ta ɗauki tsarin mulki na Shugaban Ƙasa mai cikakken iko tare da majalisu biyu, wanda ya yi kama ƙwarai da na Amurka. Hausawa na cewa, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mene Ne Kasafi, Giɓi da Bashi?

Kasafin kuɗi shi ne lissafin abin da gwamnati ke sa ran samu a shekara, da abin da take nufin kashewa. Mafi yawan abin da take samu daga haraji yake fitowa. Idan abin kashewa ya zarce abin samu, to, an sami giɓi ke nan. Domin cike giɓin, sai Baitulmali ya sayar da takardun lamuni ga bankuna, da 'yan kasuwa, da gwamnatocin wasu ƙasashe, bisa alkawarin za a mayar musu da kuɗinsu tare da kuɗin ruwa. Giɓin bana da na bara da na shekarun baya, in aka tara su, su ne bashin ƙasa.

Saboda haka hanyoyi uku kaɗai gwamnati take da su idan kuɗinta ya gaza: ko ta ƙara haraji, ko ta rage kashewa, ko ta ci bashi. Dukan gardamar 'yan siyasa a kan wannan batu ba ta wuce zaɓi tsakanin hanyoyin nan uku ba, da kuma wanda nauyin zai faɗa wa.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma na Amurka ya yi girma da sauri. A 1981 ne ya fara haura dala tiriliyan 1, watau biliyan dubu. A 2011 ya kai tiriliyan 14, a 2024 kuma ya wuce tiriliyan 36. Cikin shekaru 50 da suka gabata, daga 1998 zuwa 2001 ne kawai gwamnatin ta sami rara. A shekarar kuɗi ta 2024, abin da ta biya na kuɗin ruwa ya fi abin da ta kashe wa rundunonin sojanta.

Wa Ke Da Ikon Sakin Kuɗi?

Tsarin Mulkin Amurka ya hana a fitar da ko sisi daga Baitulmali sai da dokar Majalisa. Shugaban Ƙasa yakan gabatar da shawararsa, amma Majalisar Wakilai mai kujeru 435 da Majalisar Dattijai mai kujeru 100 su ne masu zartarwa, sa'an nan shi ya sa hannu. Shekarar kuɗi tana farawa ran 1 ga Oktoba, kuma kafin ranar ana bukatar dokoki 12 na rabon kuɗi ga ma'aikatu. In lokaci ya ƙure, akan yi dokar wucin gadi domin a ci gaba da aiki na 'yan makonni bisa kasafin bara.

Akwai wata ƙa'ida a Majalisar Dattijai wadda ke ƙara wa al'amarin wuya. Kafin a rufe muhawara a kan yawancin dokoki a kai ga ƙuri'a, sai dattijai 60 sun yarda. Da wuya jam'iyya guda ta mallaki kujeru 60. Don haka ko jam'iyyar da ba ta da rinjaye tana iya tare hanya.

Hujjojin Jam'iyyun Biyu

'Yan jam'iyyar Rifablikan, galibinsu, suna ganin ciwon yana wajen kashewa ne. A cewarsu gwamnati ta yi faɗi da yawa, haraji mai nauyi yana kashe gwiwar masu zuba jari, kuma bashin da ake ci yau jikoki ne za su biya. Maganinsu shi ne a tsuke bakin aljihu, kada a ƙara haraji. Tun 1986 yawancin 'yan majalisarsu suke sa hannu a wata takardar alkawari cewa ba za su goyi bayan ƙarin harajin samu ba. Suna kuma tunawa da Shugaba George Bush babba, wanda ya yi irin wannan alkawari a 1988, ya amince da ƙarin haraji a 1990, ya sha kaye a zaɓen 1992.

'Yan jam'iyyar Dimokurat kuwa suna ganin rangwamen haraji da aka yi a 2001 da 2003 da 2017 ya fi amfanar attajirai da manyan kamfanoni, kuma shi da yaƙe-yaƙen Afganistan da Iraƙi ne suka faɗaɗa giɓin. A wurinsu ba daidai ba ne a taɓa fanshon tsofaffi, ko kuɗin jiyyar marasa galihu, alhali masu hannu da shuni ba su ƙara komai ba.

Wajibi ne mai karatu ya lura da cewa bashin ya ƙaru a zamanin shugabannin jam'iyyun biyu. Rancen da aka yi lokacin annobar korona, alal misali, an fara shi a 2020 zamanin Shugaba Trump, aka ɗora a 2021 zamanin Shugaba Biden. Har ila yau, jam'iyya takan fi ɗaga murya a kan bashi sa'ad da ba ita ke mulki ba. Barack Obama da kansa, yana ɗan Majalisar Dattijai a 2006, ya ƙi jefa ƙuri'ar ƙara iyakar bashi, sai ga shi bayan shekara biyar shi ne ke neman Majalisa ta ƙara.

Kiki-Kaka Iri Biyu

Mutane sukan haɗa abubuwa biyu da ya kamata a rarrabe.

Na farko shi ne tsayawar ayyukan gwamnati. Wannan kan faru idan shekarar kuɗi ta shiga, ko dokar wucin gadi ta ƙare, ba a yi sabuwa ba. Kafin 1980 ma'aikatu sukan ci gaba da aiki suna jiran Majalisa. A 1980 da 1981 sai Babban Lauyan Gwamnati, Benjamin Civiletti, ya fassara wata tsohuwar doka da cewa aiki ba tare da kasafi ba haramun ne, sai dai wanda ya shafi kare rai da dukiya. Tun daga nan sojoji, da masu gadin gidajen yari, da masu lura da zirga-zirgar jiragen sama sukan ci gaba da aiki ba albashi, sauran kuwa a sallame su. Fanshon tsofaffi ba ya tsayawa, domin yana da dokarsa ta dindindin. Hasali ma, abin da ake jayayya a kansa kowace shekara kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne na dukan abin da gwamnatin ke kashewa.

Na biyu shi ne iyakar bashi, wanda ya fi na farko hatsari. Asalinsa daga 1917 ne, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1939 kuma aka ƙayyade jimilla guda ta dala biliyan 45. Ƙara wannan iyaka ba izinin sabon kashewa ba ne. Izini ne ga Baitulmali ya ranto abin biyan hidimomin da Majalisa ta riga ta amince da su. In aka ƙi ƙarawa, gwamnati za ta kasa cika alkawuranta, har da na masu binta bashi. Da yake bankunan duniya sun ɗauki takardun lamunin Amurka tamkar tsabar kuɗi, irin wannan gazawa za ta girgiza kasuwannin ƙasashe duka. An ƙara iyakar, ko an gyara ta, fiye da sau 70 tun 1960.

Yadda Abin Ya Riƙa Faruwa

A 1995, Shugaba Bill Clinton da Kakakin Majalisar Wakilai Newt Gingrich suka yi ja-in-ja a kan yadda za a kawar da giɓi. Ayyuka suka tsaya kwana 5 a Nuwamba, suka sake tsayawa kwana 21 daga Disamba zuwa Janairun 1996.

A 2011, bayan Rifablikan sun karɓe Majalisar Wakilai, suka ce ba za su ƙara iyakar bashi daga dala tiriliyan 14.3 ba sai an zaftare kashewa daidai da ƙarin. Shugaba Obama ya nemi a haɗa da ƙarin haraji, suka ƙi. Sai ran 2 ga Agusta, ranar da Baitulmali ya ce dabarunsa za su ƙare, aka sa hannu a kan sulhu: za a rage kashewa da wajen dala biliyan 900 cikin shekara 10, kuma kwamitin mutum 12 zai nemo ƙarin ragi. Bayan kwana 3, kamfanin Standard & Poor's, mai auna amincin masu cin bashi, ya sauko da Amurka daga matsayi na ƙoli, abin da bai taɓa faruwa ba. Kwamitin ma ya watse a Nuwamba ba tare da matsaya ba, don haka a Maris 2013 ragin bai-ɗaya ya hau kan ma'aikatu, na soja da na farar hula.

Tsayawar 2013 da aka ambata a farko ta samo asali ne daga yunƙurin hana kuɗi ga dokar inshorar lafiya ta Obama. Daga 22 ga Disamba, 2018, zuwa 25 ga Janairu, 2019, aka yi ta kwana 35, saboda dala biliyan 5.7 da Shugaba Trump ya nema don gina katanga a iyakar Meziko. A 2023 aka sake kai ruwa rana a kan iyakar bashi, ba a sasanta ba sai farkon Yuni. A 2025 kuma ayyuka suka tsaya kwana 43, daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamba, sa'ad da 'yan Dimokurat na Majalisar Dattijai suka riƙe ƙuri'unsu suna neman a tsawaita tallafin inshorar lafiya. Wannan ya zarce duk waɗanda suka gabace shi tsawo.

Wa Ke Ɗaukar Asarar?

Ƙaramin ma'aikaci shi ne na farko, domin mai gidan haya da mai kanti ba su jiran Majalisa. A 2019 an ga ma'aikatan gwamnati suna layin karɓar abincin agaji. Su dai akan biya su bashin albashinsu daga baya, amma masu shara da masu gadi da ke aiki ƙarƙashin 'yan kwangila galibi ba su samun komai.

Ƙasa ma tana asara. Ofishin Kasafi na Majalisa ya ƙiyasta cewa tsayawar kwana 35 ta rage wa tattalin arziki dala biliyan 11, kuma biliyan 3 daga ciki ba za su dawo ba. Ofishin binciken kuɗin gwamnati ya gano cewa jinkirin 2011 ya ƙara wa Baitulmali kuɗin ruwa wajen dala biliyan 1.3 a shekarar kaɗai. Watau rigimar da aka yi da sunan rage bashi ita kanta ta ƙara tsadar bashin.

Yaya Lamarin Yake a Nijeriya?

Tsarin Mulkinmu na 1999 shi ma ya ɗora ikon sakin kuɗi a kan Majalisar Tarayya, mai dattijai 109 da wakilai 360. Amma Sashe na 82 ya toshe ƙofar da ke ba Amurka wahala. Idan shekara ta shiga ba a zartar da kasafi ba, Shugaban Ƙasa yana da ikon sakin kuɗin tafiyar da ayyuka har tsawon wata 6, muddin bai wuce abin da aka amince da shi na daidai wannan lokaci a bara ba. Shi ya sa ofisoshinmu ba su rufewa.

Duk da haka jinkiri yana da nasa lahani. Kasafin 2016 sai a watan Mayu aka sa masa hannu, na 2017 da na 2018 kuwa sai a Yuni. In kasafi ya makara haka, sababbin ayyukan hanya, da asibiti, da rijiyoyin burtsatse sukan jira, rani ya wuce, damina ta hana aiki. Kasafin 2020 ne aka sa wa hannu a Disamban 2019, kafin shekarar ta shiga.

Mun kuma ɗanɗani nauyin bashi. A 2005 ƙasashen Ƙungiyar Paris, waɗanda ke bin Nijeriya wajen dala biliyan 30, suka yafe biliyan 18, muka biya kimanin biliyan 12, aka kammala a 2006. Domin kiyaye gaba, an kafa Ofishin Kula da Basussuka a 2000, kuma dokar 2007 ta ƙayyade cewa giɓin shekara kada ya wuce kashi 3 cikin 100 na dukan abin da ƙasa ke samarwa, sai fa in wani babban hatsari ya taso.

Abin Da Ya Kamaci Ɗan Ƙasa

Saɓani tsakanin jam'iyyu a kan haraji da bashi ba aibu ba ne, don haka aka kafa majalisa. Aibun shi ne a yi garkuwa da albashin ma'aikaci da amincin ƙasa domin cin nasarar gardama. Saboda haka, duk ɗan takarar da ya yi maka alkawarin sababbin ayyuka, tambaye shi inda kuɗin zai fito. Wanda ya ce zai rage haraji, tambaye shi aikin da zai bari. Wanda ya ce a ci bashi, tambaye shi abin da za a gina da shi, da nawa ne ruwansa, da shekarar da za a gama biya. Ka biya harajinka a kan kari, ka karɓi rasit, ka kuma bi sawun wakilinka ka ji yadda ya jefa ƙuri'a ranar da aka zartar da kasafi, domin kuɗin da ake gardama a kansa naka ne.